Ludayi Ɗaya, Bayan an Ci Abinci

Wannan babin ban yi niyyar rubuta shi ba, Rabi ce ta ja. Ranar babbar sallar da ta wuce kuna zaune duka a tsakar gida ana suyar nama, sai ta ɗaga kai ta hango garahunin da ya hau darnin bayan ɗakina, 'ya'yansa sun nuna sun yi ja. Ta ce da ƙannenta a yi maza a tuge shi, ai shi ne ganyen da Innar Dinawa ta kusa aika Baba lahira da shi. Kuka fashe da dariya, har da jikokin da ba su taɓa ganin Inna ba. Ni ma na yi dariyar, don bakina ya saba. Mahaifiyarku kaɗai ce ba ta yi ba. Ta ajiye matsamin da ke hannunta ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da aka kira la'asar. Ban ga laifinki ba, Rabi, abin da kika tashi kika tarar ana faɗa ke nan. Amma ni na san inda maganar ta samo asali, kuma shekaruna sun wuce na ci gaba da yi mata dariya.

Inna, kakarku ta wajen uwa, ba boka ba ce, kuma ranta yana ɓaci in ta ji an kira ta haka. Mace ce da ta san ganye, ta gaji sanin daga tata uwar. Gidanta a Dinawa yana ƙarshen gari, daidai inda gonakin gero suka fara, darnin gidan kuwa ba ka ganin karansa saboda garahuni da yaɗiya. Akwai zogale uku a bayan rumbu, da wata tsohuwar sabara da ta hana a sare. Tun daga zaure kake jin ƙamshin ganyen da ta shanya, kuma a inuwa take shanyawa, ta ce rana tana shanye wa magani ƙarfi. Mata daga Sisawa, daga cikin Wurno, har daga Rabah sukan zo da goyo su zauna a gindin zogalen suna jiran ta gama sallar walaha. Abin da na fi tunawa da ita shi ne yawan tambaya. Ba ta miƙa wa mutum ko ganye ɗaya sai ta ji abin da ya ci, da abin da ya sha, da wanda ya fara ba shi magani kafin ita. Wasu har gajiya suke yi da ita. Tana da wani ɗan ludayi na duma, cikinsa bai fi ƙwan zabo ba, ya yi baƙi ƙirin don tsufa. Da shi take auna komai, kuma ba ta bari ko 'yarta ta sha ruwa da shi.

Ku 'yan yanzu da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna leƙa waya tare, da wuya ku gane yadda muke da ita. Shekara talatin da wani abu ina surukinta, ban taɓa kallon tsakiyar idonta ba, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa tauna ko gyaɗa a gabanta ba. In na je Dinawa a zaure nake barin takalmina, in durƙusa a bakin ɗakinta, asabari a sake tsakaninmu, in yi gaisuwa kaina a ƙasa. Ita ma ba ta kiran sunana, "mutanen Goronyo" take ce mini ko da ni kaɗai na zo. In akwai magana mai nauyi, mahaifiyarku ce ke zama a bakin ƙofa, rabi ciki rabi waje, Inna ta faɗa mata ita kuma ta faɗa mini, alhali kowa yana jin kowa. Sai na koma zaure sannan a biyo ni da ƙwaryar fura. Wallahi ina kewar furar nan. Geron Dinawa ne, da nono mai kauri, da ɗan zafin citta da ke tsayawa a maƙogwaro. Na sha fura a garuruwa da yawa, har da Makka, ban sake samun irinta ba.

Shekarar da nake ba ku labarinta, albasata ta yi kyawun da ban taɓa gani ba. Gonar nan ta kusa da madatsar ruwa, wadda yanzu ƙaninku yake noma, tun daga dashe ba fangalin da ya ba ni kunya. Gona tana ci gaba, ni kuwa ina komawa baya. Ƙishirwa ta kama ni irin wadda ruwa ba ya kashewa, fitsari ba iyaka, wandona ya fara zamewa sai na ƙara ɗaure mazagi. Abin da ya fi tsorata ni shi ne kiyashi, duk inda na tsuguna a bakin gona kafin in gama wanke hannu sun taru. Ranar kasuwar Goronyo na zame daga cikin 'yan albasa na shiga ƙaramin asibiti wajen Malam Isa, malamin asibitin, wanda tare muka yi ƙuruciya. Ya soki yatsana, ya ɗiga jinin a wata 'yar na'ura, ya kalle ta ya kalle ni.

"Ummaru, suga na," in ji shi. "Kuma ya hau ƙwarai. Ga ƙwaya, guda da sahe, amma sai ka ci abinci. Shayin ga naka mai kama da zuma, ka yi bankwana da shi."

Na ce, "Har yaushe za ni sha ta?"

"Har iyakar rai. Ba a warkewa, sai dai a lallaɓa shi."

Kalmar nan "iyakar rai" ita ce ta tsaya mini a wuya. A wancan lokacin in aka ce namiji yana shan ƙwaya kullum, to an gama da shi. In ya iso majalisa a rage murya, a daina kiransa gayya, a fara duba wanda zai riƙe masa gona. Ga yayana Shehu, Bappanku, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son 'yan'uwansa har ya hana su numfashi. Da ya ji, da ya zaunar da ni a kan tabarma ya karɓe gonar, kuma da zuciya ɗaya zai yi. Ni kuwa kun san halina, ban iya zama ana yi mini sannu ba. Sai na ɓoye ƙwayar a akwatin ƙarfen da nake ajiye sifana da fulogin injin ban ruwa. Kullum in na isa gona in haɗiye ɗaya, in waiga ko wani ya gan ni, sai ka ce ɓarawo.

Mahaifiyarku ba a ɓoye mata abu ya daɗe. Ita ma ta ga kiyashin, ta ga yadda nake ture ƙwaryar shayi ina haɗiyar yawu. Wata safiya ta ajiye mini kunu ba suga, ta zauna, ta ce ta san abin da ke damuna. Na amsa cewa an gwada ni, suga ne, amma na ce mata Malam Isa cewa ya yi kawai in bar zaƙi. Ƙaryata ta farko ke nan, kuma ita ta haifi sauran. Ta ce to mu je Dinawa. Muka je wata ranar Laraba, na durƙusa a wurina na kullum, ita ta zauna a bakin ƙofa. Inna ta fara tambayoyinta: mene ne nake ci da safe, sau nawa nake fita, ƙafata tana yin nauyi, akwai mai irin ciwon a danginmu. Can sai na ji ta ce da 'yarta:

"Tambaye shi, mutanen asibiti sun ba shi ƙwaya?"

Mahaifiyarku ta juyo ta ce, "Malam, Inna ta ce an ba ka ƙwaya?"

Na ce a'a. Inna ta ci gaba da wasu tambayoyin, ta zaga ta sake dawowa kan ƙwayar, na sake cewa a'a. Ina jin kukan kurciya a kan zogale. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da na auri 'yarta. Ta bar 'yar aike, ta yi magana da ni kai tsaye ta bayan asabari.

"Mutanen Goronyo, ku hwaɗa min gaskiya. Ganyen ga ba wasa na ba. Shi ka jan suga ƙasa, ita ma ƙwayar ita ka jan shi ƙasa. In sunka haɗu ga jiki guda, mutum ka hwaɗuwa."

Na ce, "Ba ni shan komi, Inna."

Na daɗe ina tambayar kaina abin da ya sa. Ga mahaifiyarku zaune, wadda na riga na yi wa ƙarya, in na faɗi gaskiya na tona kaina a gaban uwarta. Ga nauyin in ce wa surukata sai da na fara zuwa wani wuri kafin in zo gare ta. Sannan akwai lissafin manomi, wanda shi ne mafi muni: na ce a raina in taki ɗaya yana gyara albasa, ai biyu sun fi gyarawa. Inna ta yarda da ni. Ta ƙulla busasshen garahuni a tsumma, ta koya wa mahaifiyarku yadda za ta jiƙa shi, sannan na ga hannunta ya ɓullo ta ƙarƙashin asabari riƙe da ɗan ludayin nan baƙi, wanda ba ta taɓa ara wa kowa ba.

"Ludayi guda, bayan ya ci abinci," in ji ta. "Kak ki ba shi da wohin ciki. In kin ga zuhwa mai sanyi ta karyo mai, hannu na rawa, magana na sarƙewa, to ya yi ƙasa da yawa. Ki biɗi zuma ko mazarƙwaila ki sa mai ga baki, kak ki saurari kowa."

Ɗacin garahuni ba ya faɗuwa, sai wanda ya sha. Ranar farko sai da hawaye ya zubo mini, mahaifiyarku tana dariya tana cewa ashe jarumin Goronyo ganye ke sa shi kuka. Amma cikin mako biyu na ji canji. Ƙishirwar ta ragu, na daina zirga-zirgar bayan gida, kiyashi suka watse. Ina tsammanin ƙwayar da ganyen duka suna aiki, sai dai ludayi ɗaya bayan tuwo bai kai ya kayar da ni ba. Da na tsaya a nan, da babu wannan babin. To sai ga cirar albasa ta zo, ga 'yan ƙwadago, ga rudun da za mu jera albasar a kai ba a gama ɗaurawa ba, ga rana ta fara zafi. Na ƙagara in warke gaba ɗaya, in nuna wa Malam Isa cewa "iyakar ransa" ba da ni ba. Na fara satar jiƙon. In mahaifiyarku ta shiga madafa sai in tsiyayi na cikin tukunya a gorata, in ƙara mata ruwa don kada ta gane.

Ranar da abin ya faru, daga masallacin asuba na wuce gona ban karya ba. Na buɗe akwatin inji na haɗiye ƙwaya, na kora da gorar garahuni cike, na shiga fangali. Da hantsi na ji hannuna yana rawa. Rana tana dukan kowa, ni kuwa zufa mai sanyi ce ke bin bayana. Fangalan suka fara juyawa. Abin da ya biyo baya labari aka ba ni. Wai na tsaya ina yi wa buhunan albasa faɗa kamar mutane, daga nan na kife. 'Yan ƙwadago suka ɗora ni a amalanken shanu suka kawo ni gida, aka shimfiɗe ni a zaure, kafin ka ce haka maƙwabta sun cika shi. Yaya Shehu ya iso a guje. A nan ne ya ji cewa ina da suga har ina shan ganyen Dinawa, kuma shi abin da ya sani game da suga ɗaya ne, hawa yake yi.

"Sugan na ya hau!" yake ta faɗa. "A kawo ɗaci! Ina ganyen? A ɗebo dogon yaro a ɗura mai!"

Har wani ya ruga tsinko ganyen. Da sun ɗura mini, da a ranar kuka zama marayu. Sai ga mahaifiyarku ta ɓullo cikin zauren da ya cika da maza, mayafi a karkace, kwalbar zuma a hannu. Matar da ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi Yaya Shehu ba.

"Hajo, kin haukace? Zuma ga mai suga? Kashe shi za ki yi?"

"Yaya, ka yi hanƙuri ka kauce. Inna tac ce."

Ta durƙusa ta taɓa goshina, ta ji sanyin zufar, ta lakato zuma da yatsa ta shafa mini a cikin kunci, ta sake, ta sake. An ce Yaya yana ta salati yana kiran mutane su zama shaida. Ni dai abin da na fara sani shi ne zaƙi a bakina, sannan fuskarta a sama da tawa, hawaye yana ɗiga a rigata. Da na iya haɗiya ta dama mini mazarƙwaila na sha. Kafin azahar ina zaune ina tambayar wa aka bari da albasa.

Malam Isa ya zo a kan mashin ɗinsa, ya fitar da kowa daga zauren, ya gwada jinina. Na faɗa masa komai, don shi ba a yi masa ƙarya, na'urarsa tana hannu. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Garahuni na da wani abu cikinai mai rage suga, wanga ba camhi na ba," in ji shi. "Masu bincike ma suna tatsar ruwan irin ganyayen ga suna gwadawa. Amma ƙwaya an auna ta, ganye ko ba ka san ƙarhinai ba, na damana daban, na rani daban. Wadda tab ba ka ta san haka, shi yas sa tab ba ka ludayi. Ka hwaɗa mata kana shan ƙwaya?"

Na kau da kai ina kallon ƙofa.

"Ummaru."

Na ce, "Ka ruhwa min asiri, Isa."

"Asirin majinyaci ba ni tona shi. Amma ka sani, tsohuwar ga ita tac cece ka yau, ita da ɗiyarta."

Bayan la'asar zauren ya sake cika da masu sannu. Kowa yana tambaya me ya faru, mutum lafiyayye ya faɗi a gona. Yaya Shehu ne ya amsa. Ya ce ganyen Dinawa ne, tsohuwa ta ba ƙaninsa abin da ya fi ƙarfinsa, shi ya sa ba ya son harkar jiƙe-jiƙen mata. Aka juyo ana kallona. Ina so ku tsaya a nan ku gane, don nan ne duk abin yake. Ba a cikin maye nake ba, hankalina ya dawo sarai. Magana ɗaya ta isa: ni ne na haɗa da ƙwaya, ni ne na sha gora guda da wofin ciki. Na dubi fuskokin mutanen da nake zama majalisa da su, na tuna yadda za su rage murya in na iso. Na gyara zama na ce, "Allah dai shi kyauta." Aka ce amin, aka shafa.

Washegari Yaya Shehu ya tattara ƙullin ganyen da ludayin ya kai Dinawa da kansa. An ce ko durƙusawa bai yi ba, daga tsaye ya faɗi abin da ya faɗa, a gaban matan da ke jira a gindin zogale. Inna ta bar shi ya gama, sannan ta yi tambaya ɗaya.

"Ya tashi?"

Ya ce na tashi.

"To alhamdu lillahi."

Maganar ta bi kasuwanni. Daga Goronyo ta shiga Wurno, daga Wurno ta kai Rabah, tana tafiya tana ƙiba, har aka ce sai da aka fara haƙa mini kabari. Matan suka ragu, sannan suka ɗauke ƙafa. Wanda ya zo ma Inna takan ce ya tafi asibiti, ita ta tsufa, idonta ba ya gani. Idonta lafiya lau yake, tana zura zare a allura har ta rasu. Da na koma gaisuwa bayan damana, na tarar an tuge garahunin duka, darnin ya fito tsirara, karan ya yi fari. Ƙamshin nan na zaure babu shi. Abin da ta gada daga uwarta ba ta koya wa kowa ba, ta ce ba za ta bar wa 'ya'yanta abin da za a zage su da shi ba. Sanin ganyen da aka yi ta miƙawa daga uwa zuwa 'ya, a bakin "Allah dai shi kyauta" ɗina ya tsaya.

Shekara goma sha ɗaya na yi bayan nan ina zuwa Dinawa, kowace salla, kowane suna, kowace rasuwa. In durƙusa a bakin asabari, ta ce mutanen Goronyo an zo lafiya, ƙaƙa jiki, ƙaƙa albasa. Muryarta ba ta taɓa canzawa ba. In na koma zaure a biyo ni da fura kamar da, sai dai yanzu 'yar kaɗan ce, nonon ya fi geron yawa, kuma ba suga ko ƙwaya ɗaya. Ita ce ke damawa da hannunta. Duk tafiya daga Goronyo nakan shirya maganar a kan hanya, in jera ta tsaf, in na durƙusa sai in ce wa kaina ai suruki ba ya doguwar magana da surukarsa, rashin kunya ne. Al'adar da aka yi don girmama ta, ni na mayar da ita maɓoya. Sau ɗaya na kusa. Na ce, "Inna," na yi shiru. Ta jira ni, ta jira, sannan ta ce, "A gaida mutanen gida." Na tashi ina jin sauƙi, kuma wannan sauƙin yana cikin abin da nake jin kunyarsa har yau.

Ta rasu da kaka, ana yankan gero, bayan jinyar kwana huɗu. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararta. Bayan addu'ar bakwai muka dawo Goronyo, da safe na gama karyawa ina zaune a ƙofar ɗakina, sai mahaifiyarku ta zo ta zauna nesa da ni kaɗan, da wani ɗan ƙulli a hannu. Ba ta dube ni ba.

"Malam, ran da kah hwaɗi, da marece 'yan ƙwadago sunka kawo inji da akwati gida. Ina jan akwatin zuwa ɗaki yab buɗe. Na ga ƙwayar."

Na juyo na dube ta.

Ta ce cikin makon nan ta tafi Dinawa da takardar ƙwayar a ƙulle a bakin zane, tana kuka, ta ce za ta kai wa Yaya Shehu, za ta nuna wa duk garin. Inna ta karɓi takardar ta jefa a murhu. Mahaifiyarku ta maimaita mini abin da ta ce, kuma ga shi yadda na ji shi.

"Na sani tun ran da yaz zaka, muryatai ta hwaɗa min. Laihina na da nib ba shi. Ki bar shi. Ni tsohuwa ta, sunana ya gama aikinai. Shi ko yana da ɗiya da za a biɗa aure, yana da majalisa da za shi zamna. Ran da yas shirya, shi hwaɗi da bakinai."

Shekara goma sha ɗaya suna sane, su biyu. Ɗaya tana dama mini fura ba suga, ɗaya tana shimfiɗa mini tabarma, suna jiran in shirya. Mahaifiyarku ta kwance ƙullin ta turo mini. Ludayin ne. Ta ce ana gobe Inna za ta cika ta sa aka ciro shi daga ƙasan adaka, ta ce a ba mutanen Goronyo, a kuma faɗa musu saƙo. Na ce wane saƙo. Ta ce:

"Guda na, bayan an ci abinci."

Ban yi kuka a maƙabarta ba, amma a ranar na yi, a gaban uwarku, kamar ƙaramin yaro.

Kuna tsammani daga nan na tara mutane na faɗi gaskiya? Ban yi ba. Yaya Shehu ya rasu bai sani ba. Abin da na iya kawai shi ne na nemo irin garahuni na shuka a bayan ɗakina, na je asibiti na faɗa wa masu duba ni cewa ina son in riƙa shan ludayi ɗaya, suka duba ƙwayata, suka koya mini gwada jinina da kaina. Ƙwayar ban bar ta ba har gobe, kuma yanzu a kan taga take kowa yana gani. Ciwon nan yana bin jini, wani a cikinku zai iya gamuwa da shi. In ya zo, duk wanda zai ba ku magani, mai farar riga ne ko mai ganye, ku faɗa masa abin da ɗayan ya ba ku.

Rabi, kada ki tuge shi. In kun gama karanta wannan, ke za ki kai shi Dinawa ki karanta a zauren Inna a gaban kawunnanku, ni kuma zan durƙusa a wurina na da in saurara. Kakarku ba ta kusa kashe ni ba. Ta tambaye ni sau uku, na yi mata ƙarya sau uku, sannan maganarta ce ta tashe ni daga ƙasa. Ludayin yana rataye a ƙusa kusa da tagata. Kullum in na gama karyawa nakan ciro shi, in cika shi sau ɗaya, kuma tun daga ranar ban ƙara ko ɗigo a kai ba.